Wankan Takaba a Mashigin Abang

Melen, 9 ga Janairu

Ƙarfe bakwai na safe: ruwa mita 1 da santimita 84. Ya ragu da uku a kan na jiya.

Yaya Eyenga,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran. Yaya ƙafar taki? Direban motar agade ya ce ya gan ki a kasuwa kina ɗingishi, amma bakinki lafiyarsa ƙalau, har kin zage shi. Na ji daɗin jin haka. Ni lafiyata lau, sai ciwon baya da safe. Goggo Okomo tana nan, idonta na hagu ya ƙara rufewa.

Ki yi haƙuri da layin da ke sama. Daga littafin awon ruwa na Abessolo na yago takardar, hannuna kuma ya saba fara kowane shafi da lambar ranar.

Wata huɗu ke nan da muka binne mijina Abessolo, ƙanenki. Har yau ina cikin baƙin zane. Ba na cin abinci a kwano ɗaya da kowa, ba na shiga kasuwa, ba a taɓa gashina ba. Kin fi ni sanin dokar gidanku: babbar 'yar'uwar mamaci ce kaɗai za ta zaunar da matarsa a kan ganyen ayaba, ta aske mata kai, ta kai ta mashigin Abang ta wanke ta, ta saki baƙin zanen ruwa ya tafi da shi. In ba ke ba, babu mai fitar da ni. Na tambayi Goggo ko ita za ta iya. Ta ce, "Ni uwa ce a wurinsa, 'yar nan. Uwa ba ta wanke matar ɗanta. Ki jira mijinki na Libreville." Ke take nufi, tunda a gidanku 'yar'uwar miji ma miji ake ce mata.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mutanen madatsa sun zo sun ce farkon Afrilu za su rufe ƙofofin, ruwa zai fara hawa. Na ɗauko tsofaffin littattafan Abessolo na duba tsayin mashigin a jikin sandar awo. In ban yi kuskure ba, mashigin Abang zai nutse kafin ƙarshen Afrilu. Sau uku na maimaita aikin, amsa ɗaya nake samu. Amma a aji huɗu na sakandare na tsaya, ba na rantsuwa a kai.

Garin ya kwashe. Gida ashirin da shida sun koma sabon Melen a bakin titi. Gida uku ne ke hayaƙi a nan yanzu. Makon jiya matan suka dawo kwarfar rafi, kamar kowane rani. Ina kicin ina jin waƙarsu da ƙarar ƙorai tun safe har la'asar. Da za su wuce, wata ta ajiye mini tarwaɗa biyu a kan ganye a ƙofar gida. Ban san ko wace ce ba. Na dafa, na ci ɗaya, na busar da ɗaya.

Na san hanya da nisa, ga iyaka, ga rumfarki da babu mai tsare miki. Kada ki takura kanki saboda ni. Na fara sabawa da zaman.

Matarku,
Avomo

*

Libreville, 3 ga Fabrairu

Avomo,

Muna lafiya. Ƙafata ta warke. Ki gaya wa direban nan ya kula da tayoyinsa, ya bar mini ƙafata.

Na karanta takardarki sau biyu, sannan na ba maƙwabciyata ta karanta mini da ƙarfi, ko idona ne ke yi mini ƙarya. Ba ƙarya ba ce. Kogi kika fara gaisarwa kafin ni. Ɗan'uwana ya mutu ina kwance a asibiti, an farke mini ciki, ko gawarsa ban gani ba. Me kika aiko mini a lokacin? Layi uku. Ya rasu Talata, an binne shi Alhamis, bai bar magana ba. Yanzu kuma santimita.

"Kada ki takura kanki." Na gane. "Na fara sabawa." Wannan ma na gane. Wanda yake son a zo, cewa yake yi a zo.

Sai ki sani, mutanen Melen suna kawo agade nan kowane mako, kuma ba a ɗinke musu baki ba. Sun ce washegarin rasuwarsa, gawa na kwance a ɗaki, mata na birgima a tsakar gida, ke kika ɗauki littafi da fensir kika nufi kogi. Sun ce tun daga ranar ba ki fasa ba ko sau ɗaya. Matar da mijinta ya mutu ba ta haɗa ido da kogi sai ranar wanka, ko yarinyar goye ta san wannan. Uwarmu, lokacin da babanmu ya rasu, a tulu ake kawo mata ruwa wata biyu, ko hanyar rafi ba ta kalla ba. To wace takaba zan fitar da ke daga ciki, ke da ba ki shiga ba?

An ce ma sandar nan babu mai bukatarta yanzu. Wa kike karanta wa? Tarwaɗa?

Ki ba ni amsa, amsar mutane, ba ta littafi ba. Ga maganin ido da garin taba na Goggo. Ki ce mata na idon a ido ake sa shi, kada ta ajiye a ƙarƙashin gado kamar na bara.

Eyenga

*

Melen, 21 ga Fabrairu

Yaya Eyenga,

Gaisuwa da farko. Na gode Allah da ƙafar ta warke. Ban san an yi miki aiki ba, cewa aka yi zazzaɓi ne. Da na sani da na tambaya. Ni lafiya. Goggo ta karɓi saƙo, ta shaƙi tabar a take, maganin kuma ni nake ɗiga mata safe da yamma tana zagina.

Takardarki kwana goma sha shida ta yi a hanya. Na karanta, na ajiye, na je na jiƙa rogo, na dawo na sake karantawa. Wannan ita ce amsa ta huɗu, ukun farko suna murhu.

Abin da aka gaya miki gaskiya ne. Na je kogi ranar Laraba, kuma ina zuwa kullum. Gaskiya ne kuma babu mai bukata. Shekara biyu ke nan rabon da wani ya zo karɓar takardun daga ofis. Ranar Litinin wani injiniyan madatsa ya same ni a bakin sandar, da hular kwanonsa. Ya ce, "Mama, ai mun sa na'ura a can sama, ita ke aika lambar da kanta, sau huɗu a awa. Ki huta." Na ce na sani. Ya leƙa littafin, ya duba wayarsa, ya ce, "Kai! Santimita ɗaya ne tsakaninku." Na ce, "Taku ce ta yi kuskure, akwai reshe a jikinta tun Juma'a." Ya yi dariya, ya tafi. Ban sani ba ko ya cire reshen.

Yanzu abin da ban gaya wa kowa ba. Na rubuta miki cewa bai bar magana ba. Ƙarya na yi.

Kwana tara ya yi a kwance. Kowace safiya ni nake zuwa in karanta, in dawo in gaya masa, ya gyaɗa kai. Ranar Talata numfashinsa ya canja, sai ban je ba. Da hantsi ya buɗe ido ya ce, "Avomo, nawa?" Na ce, "Ban je ba." Ya ce, "To je ki." Na ce, "Ba zan bar ka ba." Sai ya juya fuskarsa ga bango ya ce, "Shekara goma sha tara, babu rami a littafin nan." Bai sake cewa komai ba. Kafin azahar ya cika.

Layin Talatar nan babu komai a kansa. In ina buɗe littafin, da sauri nake wuce shafin.

Ban gaya miki ba saboda abu biyu. Na ɗaya, kunya: shekara ashirin da aure, ba mu samu haihuwa ba, bai taɓa goranta mini ba, sai ga shi maganarsa ta ƙarshe faɗa ce. Na biyu, bai ambace ki ba, kuma na san za ki tambaya. Ranar Laraba da na ji mata suna kuka, na duba agogonsa, bakwai saura kwata. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ce ta tafi. Ko daidai na yi, ko ba daidai ba, har yau ban sani ba. Wata rana ina ganin biyayya ce, wata rana ina ganin gudu na yi daga ɗakin.

Maganar "kada ki takura kanki" kuma, kafin ita na rubuta "ki zo", na goge. In kin ɗaga takardar a rana za ki ga wurin. Ban iya roƙo ba, Yaya. Ban saba da zaman ba. Ki zo.

Matarku,
Avomo

*

Melen, 19 ga Maris

Yaya Eyenga,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Ni lafiya. Kwana ashirin da shida ke nan da na aika miki takarda. Kowace Asabar ina tsayawa a bakin hanya daga nesa, direban yana ɗaga mini hannu babu komai a ciki.

Ruwan sama ya dawo. Gida na uku ma ya tashi, sun cire kwanon rufinsu sun bar katako a tsaye. Saura ni da Goggo. An zo da mota sau biyu a ɗauke ta, ta ce, "In na tafi, wa zai riƙa zagin wannan? Sai ta manta muryar mutane."

Na tambaye ta, in mashigin ya nutse, ko wani wurin zai yi. Ta ce, "Duk matar da ta yi takaba a gidan nan a can aka wanke ta, har ni. Baƙin zanenmu duka ta can ya bi." Na ce, "In ruwa ya rufe fa?" Ta ce, "Sai ki zauna da naki." Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Na yi tunani. Wataƙila abin da na rubuta miki ya ƙara ɓata miki rai ne. In sandar ce tsakaninmu, ki ce in daina, zan daina. Rami ɗaya ko rami ɗari, shi dai ba zai gani ba. Na rubuta wannan layin, amma ban tabbata na yarda da shi ba.

Ranar 4 ga Afrilu za su rufe ƙofofin. Sun manna takarda a jikin coci, cocin da babu kowa.

Matarku,
Avomo

*

Libreville, 27 ga Maris

Matarmu,

Muna lafiya, ki gaida tsohuwa. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Ta farkon a ƙarƙashin kujerar direban nan ta yi wata guda, har da tabon manja. Na yi masa abin da ba zai manta ba, 'yan kasuwa sun sha kallo.

Na ɗaga tsohuwar takardar a rana, a tsakiyar kasuwa kamar mahaukaciya. Na gani.

"Babu rami a littafin nan." Allah sarki. Wawan ƙanena. Na yi dariya har mai tumatir ta zo ta riƙe ni, don dariyar ta koma wani abu. Ki saurare ni, Avomo. Ranar da zan bar Melen, shekara goma sha biyar ke nan, shi ya ɗauko mini jaka zuwa mota. Ina kuka, ina jira ya ce wani abu. Sai ya duba agogo ya ce, "Yaya, bakwai ta kusa," ya juya ya nufi kogi. Motar ba ta ma tashi ba. Shekara uku ban rubuta masa ba saboda wannan. To ba faɗa ya yi miki ba. Haka yake magana da wanda yake so, bai iya wata ba. Da kin gaya mini tun farko da na san ɗan'uwana ne ya mutu, ba wani baƙo mai layi uku ba.

Ina zuwa ranar 11 ga Afrilu. Rumfa ta tsare kanta.

Amma ki ji da kyau. Kwana uku za ki yi a kan ganyen ayaba, ba za ki taka ƙofar ɗaki ba. Wannan ba zan rage miki ko awa ɗaya ba, kuma zan tuhume ki kamar yadda ake yi: wace miya kika hana shi, sau nawa kika juya masa baya. Ki shirya amsa. Sandar kuma ni zan je in karanta. Ki rubuta mini yadda ake yi da manyan baƙaƙe, idona ba na da ba ne. Ban ce daidai kika yi ba. Na ce dai ba za a ƙara masa rami ba.

Ki nemo sabuwar reza. Ki ce wa ruwan nan ya jira ni.

Mijinki,
Eyenga

*

Melen, 19 ga Afrilu

Ƙarfe bakwai: mita 4 da santimita 37. Ya hau da sha tara. Kin ce in riƙa sawa, na sa.

Yaya Eyenga,

Ina fata kin isa lafiya, kuma sanyin ruwan bai tayar miki da ɗinkin ba. Ni lafiya, sai kaina da ke jin iska. Sau goma a rana nake kai hannu. Goggo ta ce na yi kama da ƙwaryar da aka kankare.

Kwana huɗu da tafiyarki, gidan ya koma yadda yake, amma yanzu na san yadda yake da mutum a ciki, sai shirun ya fi na da nauyi. Tabarmarki tana nan ban naɗe ba.

Jiya na je mashigin da kwale-kwale. Babu shi. Dutsen da kika tsaya a kai kina ihu, "Riƙe ni, matar nan, ban iya iyo ba, ni aka ce in wanke ki ba ke za ki binne ni ba," ko da sanda ban taɓo shi ba. Ranar wankan, ruwan a ƙirjinmu yake. Na ce ƙarshen Afrilu, ashe na yi kuskure da kwana goma. Da kin ƙara mako ɗaya da shi ke nan.

Maganar zanen ce ke dawo mini. Ban yi tunaninta ba ko sau ɗaya a duk aikin da na yi a takarda. Na auna tsayin ruwa, ban tuna cewa in an rufe ƙofa ruwa zai daina tafiya ba. Da kika saki baƙin zanen ya tsaya a gabanmu, ya ɗan juya, ya dawo ya manne mini a ciki. Kin tura shi, ya dawo. Ga Goggo a bakin gaɓa tana kallon wani gefe tana cewa, "Ya tafi? Ku gaya mini, ya tafi?" Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, kika taka mini ƙafa a cikin ruwa. Kika kamo shi, kika matse, kika ce, "Yana hanya, Goggo. Gobe zai hau mota. Ruwa ya gaza, ni ban gaza ba."

Na tambayi Goggo bayan tafiyarki ko hakan ya yi. Ta ce, "Yana gidan nan?" Na ce a'a. "Yana jikinki?" Na ce a'a. Ta ce, "To me kike nema, takardar shaida?" Ni dai ina so in san abin da kika yi da shi. Kin ce tekun Libreville shi yana tafiya. In kin kai shi, ki rubuto mini ranar.

Na duba layuka ukun da kika cike. Na farko daidai. Na uku daidai. Na biyu kin rubuta mita 8, sandar gaba ɗaya mita 5 ce. A gefe kuma kin rubuta, "Sauro ya yi yawa, Abessolo." Goggo ta ce ranar sai da rana ta take kika dawo, idonki jawur, kika ce hayaƙi ne. Na ɗauki abin gogewa, na ajiye. Ban gyara ba.

Mutanen madatsa sun ce mu tashi kafin ƙarshen wata. An ba ni ɗaki kusa da na Goggo a sabon Melen. 'Yan'uwana sun aiko cewa in koma gida tunda na fita. Ban ba su amsa ba. Kin ce ni matarku ce har sai na gaji. Ban gaji ba tukuna.

Abin da ya rage na gobe:

Tone rogon gonar ƙasa, ruwa ya kai kunya ta biyu.
Cire ƙofar ɗaki da tagogi biyu. A nemi mai guduma.
Ɗaure littattafan Abessolo a leda, goma sha tara da na bana.
Naɗe tabarmarki.
Zanen da kika kawo, mai ja da ruwan ɗorawa: in gwada fita da shi har bakin titi. Yau a ƙofa na tsaya.
Goggo ta ce in zo mu ci a kwano ɗaya. Yau na zuba nawa na zaga bayan kicin, sai da na cinye na tuna. Ta jira ni har miyar ta huce. Gobe in sake gwadawa.

Matarku,
Avomo